Ina Zafin Ya Shiga? Darasi Daga Ƙanƙara, Randa Da Tukunya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan reshenmu, malamin firamare, ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman kimiyya a Daura.



An nemi mu yi magana a kan wani yanki na darasin kimiyya na manyan azuzuwa, aka bar mana zaɓi. Mu kuwa muka zaɓi wanda ya taɓa ba mu kunya a gaban yara, domin wanda ya yi tuntuɓe shi ya fi sanin inda kututturen yake.

Wata rana a aji biyar, a wata makarantar da muka taɓa koyarwa, mun rubuta a allo abin da kowannenmu a nan ya sha rubutawa: ruwa yana daskarewa a digiri sifili, yana tafasa a digiri 100. Yara suka bi mu da baki sau uku, suka kwafe a littattafansu, muka ɗauka darasi ya zauna. Sai wani yaro daga can baya, wanda mahaifinsa mai shayi ne a bakin tasha, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to idan ya kai ɗarin aka ƙara masa itace, nawa zai kai?" Ba tare da wani tunani ba muka ce, "Ai sai ya ƙara zafi." Yaron ya zauna, bai sake cewa uffan ba. Sai da dare ya yi, muka kwanta, sannan wani zane da aka yi mana a kwalejin ilimi ya faɗo mana a rai: layi ne yana hawa, sai ya miƙe a kwance, ya sake hawa, ya sake kwanciya. Mun zana shi a jarrabawa, mun ci maki a kansa, amma ashe ba mu taɓa tambayar kanmu abin da kwanciyar nan take nufi ba. Abin da take nufi shi ne mun gaya wa yaron nan abin da ba haka yake ba. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce matakin da ya tafasa, ko da za a ƙona masa amalanke guda na itace. Wuta tana ci, zafi yana ratsa gindin tukunya kowace daƙiƙa, ma'auni kuwa ya tsaya cak. To, ina zafin ya shiga? Tambayar da muka zo da ita yau ke nan.

Kafin amsa, akwai wani tarko da harshenmu ya ɗana mana. Bahaushe kalma ɗaya gare shi, "zafi", yana kuwa sa ta aiki biyu. Idan muka ce shayi ya yi zafi, muna nufin matakin da ya hau, abin da ma'auni yake nunawa da digiri. Idan kuwa muka ce girkin biki yana cin wuta, muna nufin yawan zafin da aka zuba, wato makamashi, wanda masana ke aunawa da jul. Waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne. Tartsatsin da ke tashi daga maƙera ya fi ruwan wanka matakin zafi nesa ba kusa ba, amma in ya faɗo a hannu sai ɗan tsikari, ya mutu. Bokitin ruwan wanka kuwa, wanda bai kai rabin hanyar tafasa ba, yana ɗauke da zafin da zai ɗumama jikin babban mutum gaba ɗaya. A cikin wannan jawabi za mu riƙa cewa "matakin zafi" ga na farko, "yawan zafi" ga na biyu, kuma shawararmu ita ce mu saba wa yara da wannan rabewa tun ranar farko, domin duk ruɗanin da ke biyo baya daga nan yake tsirowa.

Mu fara da ƙanƙara, tun da a watannin bazara, balle in azumi ya faɗo a cikinsu, babu abin da ya fi ta daraja a garin nan bayan la'asar. A fasa dunƙulen ƙanƙara a zuba a kwano, a tsoma ma'auni a ciki, zai sauka zuwa sifili. A ajiye kwanon a rana, a riƙa juyawa. Rana tana dukansa, ƙanƙara tana raguwa, ruwa yana ƙaruwa, ma'auni yana nan a sifili ko dab da shi, ba zai fara hawa sosai ba sai gutsuren ƙarshe ya narke. Duk zafin da rana ta zuba a tsawon wannan lokaci ya tafi ne wajen aikin narkarwa. An kuwa auna wannan aiki. Kowane giram ɗaya na ƙanƙara yana bukatar jul 334 kafin ya zama ruwa, alhali ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya jul huɗu da ɗan ɗori kawai yake ci, wato wajen 4.2. In aka raba za a ga cewa zafin da ke narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, ya bar shi ruwa mai sanyin sifili, shi ne daidai zafin da zai ɗauki kilo ɗaya na ruwa daga sifili ya kai shi digiri 80, matakin da ba mai iya sa yatsa a ciki.

Ga yadda abin yake a fili. A haɗa kilo ɗaya na ruwan sanyi mai sifili da kilo ɗaya na ruwan zafi mai digiri 80, za a sami ruwa mai ɗumi, digiri 40, an raba tsakani. Amma a maimakon ruwan sanyin a sa ƙanƙara kilo ɗaya, ita ma mai sifili. Abin da za a samu a ƙarshe ruwa ne kilo biyu, mai sanyin sifili. Digiri tamanin ɗin nan duk sun nutse cikin ƙanƙara ba su bar alama ba. Shi ya sa mai zoɓo take sayen ƙanƙara da tsada, ba ta yarda a ba ta ruwan sanyi a madadi ba, ko da kuwa sanyinsu ɗaya a hannu. Ba ta karanta lissafin ba, jarinta ne ya koya mata.

Wanda ya fara tsayawa ya auna wannan abu wani likita ne kuma malamin ilimin sinadarai a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotland, Joseph Black, wajen shekarar 1761. Shi ya raɗa masa sunan da in muka mayar da shi Hausa zai zama "ɓoyayyen zafi", domin ya shiga amma ma'auni bai gan shi ba. Ɗaya daga cikin hujjojinsa daga yanayin ƙasarsu ta fito, inda ƙanƙara ke rufe tsaunuka lokacin sanyi. Ya lura cewa da a ce ɗan ƙarin ɗumi kaɗan ya isa ya narkar da ita, da ranar da iska ta fara ɗumi duk ta narke a tashi ɗaya, ambaliya ta share garuruwa. Sai ga shi tana ɗaukar makonni tana narkewa a hankali. Abin lura gare mu malamai shi ne, kayan aikin mutumin nan ba su wuce ma'aunin zafi da sikeli da agogo da 'yan kofuna ba.

To me zafin ya je yi a can ciki? Ruwa, kamar kowane abu, tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, kuma suna jan juna. A cikin ƙanƙara kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabtanta a wuri ɗaya, iyakarta ta yi karkarwa a inda take. A cikin ruwa riƙon ya sassauta, suna zamewa a jikin juna amma ba su rabu ba. A cikin tururi kowace ta kama gabanta. Matakin zafi ƙarfin motsin ƙwayoyin kawai yake gaya mana. Idan zafi ya shiga ya ƙara musu motsi, ma'auni ya hau. Idan kuwa ya shiga ya tarar da aikin ɓamɓare su daga juna, a nan zai ƙare, motsinsu bai ƙaru ba, ma'auni bai san an yi ba.

Mun taɓa kwatanta wa abokan aiki wannan da abin da mu malamai muka fi kowa sani. Albashi ya shigo, waya ta yi ƙara, amma aljihu bai yi nauyi ba, domin mai shago da mai hatsi da mai gidan haya suna tsaye a bakin ƙofa, sai an sallame su sannan abin da ya saura yake zama a hannu. Misalin yana sa dariya, amma yana ɗingishi, kuma gara mu faɗi inda yake ɗingishin. Kuɗin da aka biya bashi da su sun tafi ke nan. Ɓoyayyen zafi kuwa bai tafi ba. Adashi ne: abin da aka zuba yana nan, ranar ɗauka zai dawo cif. Duk ranar da ruwa zai koma ƙanƙara, sai ya amayar da jul 334 ɗin nan a kan kowane giram, babu ragi.

Wannan shi ne amsar kukan da muke ji daga masu sana'ar ƙanƙara a unguwanninmu. An kawo wuta awa biyu ko uku, ruwa ya yi sanyi har yana cizon haƙori, amma ya ƙi daskarewa, sai a ce inji ya lalace ko gas ya ƙare. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Sauko da kilo ɗaya na ruwa daga digiri 30 zuwa sifili, zafin da za a zare wajen jul dubu 126 ne. Daskarar da shi kuwa sai an ƙara zare dubu 334. Wato a lokacin da ruwan ya kai sifili, injin bai ma ci kashi ɗaya cikin uku na aikinsa ba. Zafin da aka zare kuma ba ɓacewa ya yi ba, a taɓa bayan firji a ji inda ya fita.

Mu koma ga tukunyar mai shayi. A nan ɓoyayyen zafin ya fi girma ƙwarai, domin sassauta riƙo daban, tsinke shi gaba ɗaya daban. Giram ɗaya na tafasasshen ruwa yana cin jul kusan 2,260 kafin ya zama tururi. Wannan ya ninka na narkewa kusan sau bakwai, ya kuma ninka duk zafin da ya ɗauko ruwan daga sifili zuwa ɗari fiye da sau biyar. Ga wata 'yar tsaraba a gefe: a nan Daura ruwa ba ya jiran ɗari cif. Muna sama da bakin teku da mita ɗari huɗu da wani abu, nauyin iska a kanmu ya ɗan ragu, saboda haka ruwa yana tafasa tsakanin digiri 98 da 99. A Jos, da ta fi mu tudu sosai, wajen 96 ne. Idan ma'auninku ya tsaya a 98, kada ku ce ya lalace, kada kuma ku tilasta wa yara su rubuta 100 alhali idonsu ya ga wani abu dabam.

Washegarin ranar da muka ba yaron nan gurguwar amsa, babu ma'aunin zafi a makarantar, kamar yadda da yawanmu ba mu da shi. Muka ɗauko risho daga gida, da ƙaramar tukunya, da gwangwanin madara ɗaya na ruwa, muka naɗa yara biyu masu kallon agogo. Ba a taɓa lagwani ba tun daga farko har ƙarshe, domin wutar ta zama ɗaya. Ruwa ya fara tafasa cikin minti huɗu. Muka tambayi aji, minti nawa kafin ya ƙone ƙarƙaf? Masu cewa biyu, masu cewa huɗu, wanda ya fi kowa ƙarfin hali ya ce goma. Aka wuce goma, aka wuce ashirin, aka buga ƙararrawar tara ba wanda ya motsa daga wurinsa. Tukunya ba ta bushe ba sai da aka doshi rabin awa. Gani ya kori ji. Muka yi lissafi tare da su a allo: da a ce wutar tana ci gaba da ɗaga mataki kamar yadda ta fara, digiri saba'in a kowane minti huɗu, da ruwan ya haura digiri 500, matakin da darma ta daɗe da narkewa, ga shi kuwa ruwa ne yake ɓararraka har ɗigon ƙarshe. Daga baya muka aro ma'auni daga wata sakandare, yara suka ga tsayuwarsa da idonsu. A gaban aji muka ce wa yaron, "Jiya mun yi kuskure," kuma ba mu ga ya rage mana komai a idon yaran ba.

Wannan ba ilimin jarrabawa kaɗai ba ne. Kowa a nan ya san abin da ƙullin itace da buhun gawayi suka kai, ya kuma ga yadda dajin da ke tsakaninmu da iyakar Nijar ya yi sarari. Wake ko nama ko ƙashi, matakin zafin ruwa ne ke dafa su, ba tsallen kumfa ba. Da zarar tukunya ta tafasa, 'yar wutar da za ta riƙe tafasar tana dafawa daidai da wutar da ke ruri. Bambancin kawai shi ne mai rurin tana mayar da kuɗin itace tururi, ruwa ya ƙone, a ƙara na sanyi, a koma baya. A janye itace biyu, a rufe tukunya, tururin ya taru a ƙarƙashin murfi ya koma ruwa ya mayar da zafinsa. Sai dai mu yi wa iyayenmu mata adalci. Inda ake so ruwa ya ragu, kamar miyar da ake so ta yi kauri, ko ruwan raken da ake dafawa ya zama mazarƙwaila, can wuta mai ƙarfi aikinta take yi. Mai son girki ya yi sauri da gaske kuwa sai ya hana tururi fita, kamar yadda tukunyar nan mai kulle murfi take yi, inda matsi ke kai ruwa wajen digiri 120.

Adashin nan da muka ce yana dawowa, wani lokaci a kan fatar yaro yake dawowa. 'Yan matanmu na aji biyar da shida su ne ke buɗe madambaci a gida, su ne ke sauke tukunya. Giram ɗaya na tafasasshen ruwa in ya zuba a hannu yana sauke jul wajen 260 kafin ya huce zuwa ɗumin jiki. Giram ɗaya na tururi kuwa sai ya fara sauke 2,260 ɗinsa yayin da yake komawa ruwa, sannan ya ƙara da 260 ɗin, wato kusan ninki goma. Abin da ya fi haɗari shi ne farin hayaƙin da muke gani ba shi ne tururin ba, wannan ya riga ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Tururi na ainihi yana cikin ɗan sararin nan da ba a ganin komai tsakanin bakin buta da farin hayaƙin, can ne kuwa ƙuna ta fi muni. Mu koya musu su buɗe murfi ta gefen da ya ba fuskarsu baya, mu koya wa samarin da ke zuwa gareji bayan an tashi kada su kwance murfin lagireton mota tana da zafi. In kuma ƙuna ta auku, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta kwararawa a wurin har minti ashirin. Ba ƙanƙara ba, ba ƙwai ba, ba man goge haƙori ba, ba manja ba. Daga nan sai asibiti.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi yi mana daɗi, domin a nan kakanninmu suka riga littafi. Ruwa ba sai ya tafasa yake zama tururi ba. Wanki yana bushewa a igiya, tabki yana ƙafewa, ruwan madatsar Daberam da ta Sabke yana ja da baya a bazara ba don ban-ruwa kaɗai ba. Duk ƙwayar da ta tsere daga ruwa sai ta biya kuɗin fita, kuma a ɗumin ɗaki kuɗin ma ya ɗan fi na tafasa, wajen jul 2,400 a kowane giram. In babu wuta a ƙarƙashi, daga ina za ta samo? Daga ruwan da ta bari a baya. Asirin randa ke nan. Gasasshen yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana nasowa waje, iska tana kwashe shi, kowane ɗigo yana tafiya da zafin na ciki. Lissafin yana da ban mamaki: in kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan ya tafi ta wannan hanya, zafin da ya tafi da shi ya isa ya sauko da sauran da kusan digiri shida. Randa mai lita ashirin, kofin shayi guda za ta bayar ta sami wannan. Da yake zafi yana ci gaba da shigowa daga waje, sai randar ta ci gaba da naso dare da rana.

Yaron da ya fahimci wannan zai iya amsa tambayoyi da yawa da kansa, ba tare da mun rubuta masa komai ba. Zai san dalilin da ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwar da ƙofofinta suka toshe, da dalilin da ya sa randar da aka shafe da fenti ko siminti don ado ta zama bokiti kawai, da dalilin da ya sa ruwan jarkar roba yake zama kamar na wanka. Zai san abin da ya sa ake neman wa randa inuwa mai iska, da abin da ya sa take yin sanyi sosai a bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe tana neman ruwa, amma a watan Agusta, da iska ta ƙoshi da laima, sai ta yi sanyin jiki. Salkar matafiya ta fata ma haka take aiki. Sai dai a kula, yara sukan haɗa wannan da sanyin ruwan rijiya. Ruwan rijiya, ko na Kusugu ne ko na rijiyar unguwa, sababinsa dabam ne: ƙasa ce ke kāre shi daga canjin yanayi, shi ya sa ake jin sa da sanyi a bazara, da ɗumi da asubahin hunturu.

Maƙwabcinmu ne ya kai wannan hikima gaban duniya. Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga zuriyar magina tukwane, a shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana nasowa ta babbar tukunya yana bushewa, yana zuƙe zafin ta ciki. A gwaje-gwajensa, yalon da ke lalacewa cikin kwana uku ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyafon da ba ya kwana ya yi kwana 12. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Cikin abubuwan da suka sa shi wannan aiki har da wanda ya shafe mu kai tsaye: 'yan matan da ake ɗora wa talla kullum don kada kayan lambu su ruɓe a gida. In kayan za su iya jira, yarinya za ta iya zuwa aji. Duk wanda ya taɓa kiran suna ranar kasuwa ya ji shiru a layin mata ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tukwane biyu da yashi kuwa ba su fi ƙarfin lambun makaranta ba.

Jikin yaro ma randa ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa a wannan yanki namu, jikin ɗan Adam kuwa a 37 yake. Zafi daga mai yawan mataki yake gangarowa zuwa mai ƙarancinsa, saboda haka in iska ta fi jiki zafi, ba ɗauke masa take yi ba, ƙara masa take yi. Hanya ɗaya ta rage, ita ce gumi ya fito ya bushe a kan fata. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe tana tafiya da jul miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Gumin da ya ɗiga ƙasa kuwa bai yi aikin komai ba, asarar ruwa ne kawai. Ku dubi ajin da aka cusa yara a ƙarƙashin kwano marar sili, an toshe tagogi da bulo saboda ɓarayi, babu randa a baranda. Iskar ɗakin ta cika da laima, gumi ya ƙi bushewa, yara suna gyangyaɗi, mu kuwa muna kiran abin lalaci. Saboda haka idan ƙungiyarmu ta nemi tagogi da sili da ruwan sha, ba kayan jin daɗi take nema ba. A namu ɓangaren kuma, hana yaro shan ruwa ko tsayar da shi a tsakar rana ba horo ba ne da ya kamata ya fito daga hannun wanda ya san wannan lissafi. Yaron da jikinsa ya yi zafi jau, ya fara ruɗewa ko sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Ko ruwan saman da muke jira da wannan adashi yake zuwa. Rana ta zuba zafi a Tekun Atilantika, ruwa ya zama tururi, iskar damina ta ɗauko shi daga kudu maso yamma ta kawo shi kanmu. Can sama ya huce ya koma ɗigo, ya saki zafin da ya ɗauko, zafin ya ƙara tura gajimare sama, har ya zama baƙin hadarin nan da muke gani yana tasowa daga gabas.

Roƙonmu ga shugabannin reshe ƙarami ne. A tayar da maganar ma'aunin zafi ɗaya ga kowace makaranta a gaban hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, irin na ɗakin gwaji mai farawa daga ƙasa da sifili zuwa digiri 110. Na asibiti bai wuce digiri arba'in da 'yan kai ba, in na gilashi ne aka tsoma shi a tafasasshen ruwa fashewa zai yi. Kafin a samu, agogo da risho sun isa, da sharaɗin malami ne kaɗai zai taɓa wuta. Wanda ya gwada ya rubuta mintocinsa biyu, na tafasa da na ƙonewa, ya kawo mana a zama na gaba mu jera su mu gani.

Ɗan mai shayin nan bai ƙyale mu ba. Mako bai zagayo ba ya sake ɗaga hannu, ya ce, "Malam, to man ƙosai fa? Ai shi ma yana tafasa, kuma ya fi ruwa ƙuna." Wannan karon muka ce ya ba mu zuwa gobe. Mai ba tafasa yake yi ba. Man gyaɗa yana iya hawa wajen digiri 180 yana nan a matsayinsa na mai, shi ya sa yake soya abin da ruwa sai dai ya dafa. Kumfar da ke tashi idan an saki ƙullu a kasko, ruwan cikin ƙullun ne yake tserewa ya zama tururi, kuma da zarar ruwan ya ƙare, kumfar ta kwanta, ƙosai ya fara ƙonewa.